Kusurwar Turanci: "Ara mini biro"

Ƙannena, ran Talata a motar haya daga Dundaye zuwa cikin gari na ji wata ɗaliba ta ce wa ƙawarta, "Borrow me your biro." Ban yi dariya ba, don ni ma haka nake faɗa har na shiga SS3.

Ga inda matsalar take. A Hausa aro ɗaya ne: na ari biro, ka ara mini biro. Turanci kuwa ya raba su gida biyu. Mai karɓa shi ke yin borrow, mai bayarwa kuma lend, saboda haka "lend me your biro" ne daidai. Haka "ji" yake: muna jin magana, muna jin wari, muna jin sanyi, su kuwa hear, smell da feel suke da su.

Irin waɗannan tagwaye ake jera muku a zaɓin amsoshi na WAEC da NECO. In babu aƙalla C6 a Turanci kuwa, ko Danfodiyo da ke ƙofar gida sai dai ka hango ta.

Aikin wannan mako: yaya za ku ce "na sha magani"? Ban da drink.