Hukuncin Ruwan Tafki: Amsar Wasiƙa Daga Yasore

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wasiƙa ta iso mana daga wani ɗan'uwa mai karanta wannan fili a Yasore, can yammacin Jihar Katsina, wajen Batsari da Safana, ƙasar da ta yi iyaka da dajin Rugu. Ya ce suna da tafki a bayan gari wanda yakan cika da damina, ya riƙe ruwa har tsakiyar rani. A nan ake shayar da shanu, a nan mata ke wanki, yara ke iyo, kuma idan rijiyar burtsatse ta lalace a nan ake ɗebo na sha. Ya ce bana ruwan ya yi kore shar, yana wari, har aka wayi gari wata rana aka ga kifaye sun taso matattu. Da mutane suka fara magana, sai wani ɗalibi ya ce ai littafi ya faɗa cewa gansakuka ba ta ɓata ruwa, saboda haka ruwan mai tsarki ne, kowa ya sha abinsa. Mai wasiƙa yana son ya san ko maganar nan haka take.

To, ɗalibin nan ya yi karatu, sai dai ya rufe littafin da wuri. Gaskiya ne a mazhabar Imamu Maliku ruwan da ake alwala da wanka da shi shi ne wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa bai canza ba da wani abu baƙo. Gaskiya ne kuma malamai sun yi rangwame game da canjin da ya zo daga mazaunin ruwan kansa, kamar laka ko kanwa, ko daga abin da ya tsiro a cikinsa, kamar gansakuka. Wannan duk wanda ya karanta Ishmawi da Risala ya ji shi. Amma da ɗalibin ya ƙara gaba zuwa Muhtasar, da ya tarar Shehu Halilu ya ambaci irin tafkinsu a fili, wato tafkin da kashin dabbobi ya canza shi, ya kuma sanya shi cikin ruwan da ba a tsarki da shi. Haka hukuncin yake ko da yake kashin saniya da na tunkiya ba najasa ba ne a mazhabarmu. Idan kuwa abin da ya canza ruwan fitsarin mutane ne ko bayan gida, to ya zama najasa, bai halatta a yi alwala da shi ba, bai halatta a dafa tuwo da shi ba. Saboda haka sai mutanen Yasore su duba da idonsu da hancinsu, su rarrabe abin da ya sa tafkin wari. Wanda ya tabbata ruwan ya ɓaci, bai kuma sami wani ba, to ga taimama, Allah bai ƙuntata masa ba.

Wannan shi ne amsar rabin tambayar. Ɗaya rabin ya fi nauyi, kuma nan ne mu malamai muka yi sakaci. Babin tsarki yana magana ne a kan ingancin salla, ba a rubuta shi don ya zama shaidar likita ba. Ruwa yana iya cika dukkan sharuɗɗan alwala, garau da shi kamar idon zakara, alhali yana ɗauke da abin da zai kwantar da mutum wata uku. Dattawanmu ba su manta da kurkunu ba. Ƙwaron da ke ɗauke da shi ƙanƙane ne ƙwarai, ba ya canza launi, ba ya canza ɗanɗano, ba ya canza wari. Mutum ya sha bana, baɗi war haka tsutsa ta huda ƙafarsa, sau da yawa daidai lokacin noma. Ƙidayar da aka fara a 1988 ta sami fiye da mutum 650,000 masu ciwon a Nijeriya. Ba a yi maganinsa da allura ko ƙwaya ba, domin babu su. Abin da aka yi shi ne tace ruwa da ƙyalle, da hana mai ciwo tsoma ƙafarsa cikin tafki, da zuba magani a kududdufai, da haƙa rijiyoyi. Cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ta tsaya a kan aikin, Janar Yakubu Gowon ya zaga ƙauyuka dominsa, har aka ga mai ciwo na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba ƙasar shaidar rabuwa da shi a 2013. Da an tsaya ana cewa ai ruwan mai tsarki ne, da har yau muna nannaɗe tsutsa a jikin tsinke.

Kurkunu ya tafi, amma tsargiya tana nan, wato fitsarin jini. Wani likita Bajamushe mai suna Bilharz ne ya gano tsutsarta a Alƙahira cikin 1851, shi ya sa Misirawa ke kiran ciwon bilharsiya. Ga yadda take yawo: mai ciwon ya yi fitsari a tafki, ƙwayayenta su ƙyanƙyashe, su shiga jikin dodon koɗi su hayayyafa, sa'an nan su fito su huda fatar wanda ya shiga wanka ko wanki. Ba sai an sha ba. Yanzu mai karatu ya tuna hadisin da Buhari da Muslimu suka ruwaito daga Abu Huraira, inda Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudana sa'an nan a yi wanka a cikinsa, da wanda Abu Dawuda ya ruwaito, inda aka sanya yin bayan gida a mashaya cikin abubuwan da ke jawo wa mutum la'ana. Da an kiyaye waɗannan biyu kaɗai, da an yanke wa tsargiya hanya. Na taɓa jin wani uba yana dariya wai ɗansa ya fara fitsarin jini, ya zama namiji ke nan. Subhanallahi! Alamomin balaga sanannu ne a littattafan fiƙihu, jini a fitsarin yaro ba ya cikinsu. Ciwo ne, maganinsa yana asibiti, barinsa kuwa yana lalata mafitsara. Ga kuma amai da gudawa, wanda a 2021 ya kama fiye da mutum 100,000 a ƙasar nan, ya kashe fiye da 3,000, Jihar Katsina tana cikin wuraren da ya taɓa.

Game da kifayen da suka mutu, masana ruwa sun bayyana dalili. Kashin dabbobi da takin zamani da ruwan sama ke wankowa daga gonaki abinci ne ga gansakuka. Idan ta ƙoshi sai ta rufe fuskar tafki, idan ta mutu ta ruɓe sai ta cinye iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwa, abin kuma ya fi tsanani da asuba. Tarwaɗa takan jure, karfasa ba ta kai ta juriya ba. Akwai kuma masu wanke tankin feshi a bakin tafki, da masu zuba maganin ƙwari da gangan don kifi ya taso su kwashe su kai kasuwa. Waɗannan kada su fake da cewa mushen kifi halal ne. Halal ne, amma ciyar da Musulmi guba haram ne, kuma hadisin hana cuta da cutarwa yana cikin Muwaɗɗa. Bayan haka ma, kwaɗi da gaiwa da balbela al'ummomi ne masu haƙƙin zama a wurin, ba mu muka ajiye su ba.

Maganin da Shari'a ta tanada muna da sunansa a bakinmu, wato hurumi, wanda asalinsa kalmar Larabci ce, harim. Malamanmu sun ce rijiya tana da hurumi, ba su kuma yanke masa yawan kamu ba, sai suka ce shi ne gwargwadon filin da zai hana a cuci ruwan, ya kuma hana a ƙuntata wa mai zuwa sha. Tafki ya fi cancanta da wannan, tun da ruwa yana cikin abubuwa uku da hadisi ya ce jama'a sun yi tarayya a cikinsu, tare da ciyawa da wuta. Ba na wani ba ne shi kaɗai, balle ya nome har bakin ruwa. Sai mai unguwa da liman da arɗo su zauna su shata hurumin tafkin, a bar ciyawa da jema su tsiro a gaɓarsa don su tare laka da taki, a dasa itatuwa. A ware wa dabbobi mashaya a gefe guda, kada kuma a toshe burtalin da ke kaiwa gare ta, domin makiyayi ma yana cikin masu tarayyar, kuma ƙasar nan ta sha wahalar da ta isa game da rashin zaman lafiya. Masu wanki su ɗebi ruwa su koma nesa, a yi salga daga gefen da ruwa ba ya gangarowa. Idan tafkin ya ƙafe da bazara a yi gayya a yashe shi, lakar da aka kwashe kuwa taki ce mai kyau a gona. Ni a ganina huɗubar Juma'a guda a kan wannan ta fi amfanin gardamar da muke kwana muna yi a kan saki da ƙablu.

Madatsar Zobe da ke kusa da Dutsin-Ma an gama ta tun 1983, amma sai a 2021 aka buɗe aikin ruwan famfonta, har yanzu kuma ba kowane ƙauye bututu ya kai ba. Kafin ya kai, wanda ya ɗebo ruwan tafki don sha ya bar shi ya kwanta, ko ya sa masa alam ko dakakken 'ya'yan zogale, ya tace, sa'an nan ya tafasa, domin alam laka yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta. Ruwan da ya yi kore yana wari kuwa, ko an tafasa shi kada a sha, kada kuma a bar dabbobi su sha, don akwai irin gansakukar da ke da dafi wanda wuta ba ta kashe shi.

Mai wasiƙa ya kuma yi tambaya a kan rijiyar da akuya ta faɗa ta mutu a ciki, da yawan gugan da za a kwashe. Wannan sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Wallahu a'alamu.