Layin Dogon da Bai Isa Bauci Ba

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Duk wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Jos ta Soba da Dutsen Wai da Rahama, da wuya a yau ya yarda cewa jirgin ƙasa ya taɓa ratsa waɗannan garuruwa. Alhali kuwa ya yi shekara arba'in da 'yan kai yana kai da kawowa a kan ɗan siririn layin da Turawa suka raɗa wa suna ƙaramin layin dogon Bauci.

An fara shimfiɗa layin daga Zariya a shekarar 1911, ya isa Rahama a 1912, sannan ya dangana da Bukuru a 1914, tafiyar mil 143 ke nan. Faɗinsa ƙafa biyu da rabi ne kacal, ga shi kuwa babban layin Ikko zuwa Kano ƙafa uku da rabi ne. Saboda haka duk kayan da ya ɗauko sai an sauke su a Zariya an sake lodi a wasu taragun. Sunan Bauci kuwa ya samo shi ne domin a wancan zamani duwatsun Jos suna cikin Lardin Bauci. Birnin Bauci bai taɓa jin ƙarar wannan jirgi ba.

Mu a wurinmu aiki ne da ya tsaya a rabin hanya, amma a wurin waɗanda suka yi shi ya kammalu sarai. Kuza suka zo nema, wadda a da sai 'yan alaro da jakai ke ɗaukar ta, inda kuza ta tsaya kuwa nan ƙarfen ya tsaya. Da babban layi daga Fatakwal ya biyo ta Kafancan ya iso Jos a 1927, sai kuza ta sami hanya mafi kusa zuwa teku, ƙaramin layi kuma ya shiga ja da baya har aka rufe shi a 1957. Sai bayan haka ne jirgi ya shiga Bauci, ta layin Barno da aka gina tsakanin 1958 da 1964.

Wasu za su ce ai motoci ne suka ƙwace masa ciniki, kuma babu hukumar da za ta riƙe abin da ba ya mayar da kuɗinsa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. To amma ra'ayina shi ne, tun ran gini tun ran zane. Da an auna layin da bukatar manoman auduga da hatsi da ke gefensa, da an faɗaɗa shi an miƙa shi gaba, da bai mutu don kuza ta juya masa baya ba.

Wannan darasi ya shafi malamin gobe kai tsaye. Ga layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, ɗalibanmu ne za su ci moriyarsa ko su gaji bashinsa. Wajibi ne mu koya musu tambayar da ba a bai wa kakanninmu damar yi ba: wannan hanya domin wa aka yi ta, kuma me zai riƙe ta idan abin da ya kawo ta ya ƙare?