Tamale: Wane gwarzon ƙwallo ne ya cancanci karramawa a arewacin Ghana?

Babban filin wasa na Tamale, wanda aka gina domin gasar cin kofin Afirka ta 2008, yana ɗauke da sunan Alhaji Aliu Mahama tun shekarar 2017. Marigayin tsohon mataimakin shugaban ƙasa ne, kuma yana cikin waɗanda suka ɗora ƙungiyar Real Tamale United bisa ƙafafunta, don haka ba baƙo ba ne a harkar. Sai dai a Kumasi sunan ɗan wasa aka sa wa fili, wato Baba Yara. Wannan bambancin ne ke sa masoya ƙwallo a Tamale tambaya: in da za a karrama wanda ya taka leda, wa za a fara kira?

Sunan farko ba ya buƙatar dogon zance. Abedi Ayew, da aka fi sani da Abedi Pele, daga Real Tamale United tauraronsa ya fito. Yana da shekara 17 lokacin da Ghana ta ɗauki kofin Afirka a Libiya a 1982. Ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka sau uku a jere, 1991 da 1992 da 1993, kuma bugun kwanarsa ne Basile Boli ya sa wa kai a ragar AC Milan, ranar da Marseille ta ci kofin zakarun Turai a 1993. Masu ƙorafi na cewa ba a Tamale aka haife shi ba, asalin gidansu Paga ne, can kan iyaka da Burkina Faso. Hujjar ba ta da ƙarfi. Garin da ya fara ba yaro riga da fili yana da haƙƙi a kansa.

Inda gardamar ta yi zafi shi ne kan waɗanda suka biyo baya, haifaffun Tamale: Mubarak Wakaso da Baba Abdul Rahman da Abdul Majeed Waris. Idan kofi ne ma'auni, duk sun faɗi, domin tun 1982 Ghana ba ta sake ɗaga kofin Afirka ba. Ta kai wasan ƙarshe a 1992 da 2010 da 2015, ta dawo hannu rabbana.

Amma wannan ma'aunin yana da rashin adalci. Wakaso ɗan wasan tsakiya ne, aikinsa ƙwace ƙwallo da raba ta, duk da haka ya ci ƙwallo 4 a gasar 2013, daidai da Emmanuel Emenike na Najeriya. Shi da Baba Rahman suna cikin tawagar da Côte d'Ivoire ta doke da ci 9-8 a bugun fenareti a 2015. Da bugu ɗaya ya sauya, da yau ana kiransu zakaru. Shi kansa Abedi, a shekarar da ya fi haskakawa da rigar ƙasarsa, 1992, a waje ya kalli wasan ƙarshe saboda katin gargaɗi, aka kuma sha kashi a fenareti a hannun Côte d'Ivoire ɗin dai. Babu wanda ya rage masa daraja saboda haka.

Waris kuwa, duk da ya je gasar cin kofin duniya ta 2014, bai bar irin sawun da Wakaso ya bari ba. Shi kuma Abdul Fatawu Issahaku, gwarzon gasar 'yan ƙasa da shekara 20 ta Afirka a 2021, lokacinsa bai yi ba tukuna. A Amurka, zauren karrama gwarazan ƙwallonsu da ke Canton ba ya duba sunan ɗan wasa sai ya shekara biyar da yin ritaya, domin zumuɗin 'yan kallo ya lafa.

Akwai kuma rukunin da ba a cika ambata ba: 'yan wasan da suka ƙare rayuwarsu ta ƙwallo a gida, ba Turai, ba kyamara, ba ƙididdigar da aka adana. Su ne suka cika fili a Tamale shekaru da dama, kuma ƙungiyar da ya kamata ta riƙe tarihinsu, Real Tamale United, ita ma ta faɗo daga babbar gasar Ghana a 2024.