Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Elon Musk Kan Hayaƙin Memphis

Zuwa ga Mista Elon Musk na kamfanin xAI,

Na rubuto maka ne kan Colossus, katafariyar cibiyar sarrafa bayanai da kamfaninka ya kafa a 2024 a tsohuwar masana'antar Electrolux da ke kudancin Memphis, a jihar Tennessee ta Amurka. A can ake horar da Grok, ƙirƙirarriyar basirar da mu ma a nan muke jefa wa tambaya safe da yamma a shafin X. Tunda muna amfana da ita, dole mu tambayi inda wutarta take fitowa.

An yaba muku cewa cikin kwana 122 kuka haɗa ƙwaƙwalan kwamfuta na Nvidia har dubu 100, kuka tayar da su. Amma wutar gari ba ta iya ɗaukar wannan nauyi a lokacin, ku kuma ba ku jira ba. Sai kuka jibge manyan injinan samar da lantarki masu ƙona iskar gas a harabar, kuka kunna ba tare da izinin fitar da hayaƙi ba, bisa hujjar wai na wucin gadi ne, ba za su shekara ba. A 2025 ƙungiyar lauyoyin muhalli ta SELC ta ɗauki hoton wurin daga sama, ta ƙirga injina 35. Izinin da hukumar lafiya ta gundumar Shelby ta bayar a watan Yulin 2025 na guda 15 ne.

Duk wanda ya taɓa kwana da janaretan maƙwabci a gindin tagarsa ya san cewa huhu ba ruwansa da wucin gadi. Injinan nan suna fitar da iskar da ke tayar da asma, da sinadarin fomaldihaid wanda aka tabbatar yana jawo ciwon daji. Su wa ke shaƙa? Mutanen Boxtown, unguwar da bayin da aka 'yanta suka kafa bayan 1863, wadda har yau jikokinsu baƙaƙen fata ne mafi yawan mazaunanta. Tun kafin ka zo, matatar man Valero da tashar lantarki ta Allen suna maƙwabtaka da su. An daɗe ana sauke wa mutanen nan abin da unguwannin masu hali ba za su karɓa ba, kai kuma ka zo ka ƙara musu. Wannan ne ya fi ci mini rai, kuma shi ya sa ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta NAACP ta shiga maganar.

Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce cibiyoyi irin naka sun sha kusan kashi 1.5 cikin ɗari na lantarkin duniya a 2024, kuma zuwa 2030 abin zai ninka har da ɗoriya. Idan aka ga ka kunna tukuna ka nemi izini daga baya, kuma ka sha, wasu za su bi sawunka, har a ƙasashen da ba su da lauyoyin da za su ɗauki hoto daga sama.

Kai ne ka fice daga majalisun masu ba Shugaba Trump shawara a 2017 saboda ya janye Amurka daga yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi. Tesla taka ce, tana ƙera manyan baturan Megapack, tana sayar da faifan sola. Ba ka rasa dabara ba, ba ka rasa kuɗi ba.

Don haka ina roƙonka ka sa a kafa na'urorin auna iska a cikin Boxtown, a riƙa bayyana sakamakon kullum kowa ya gani. Ka faɗi ranar da za a kashe injin gas na ƙarshe, a Memphis da kuma Southaven ta jihar Mississippi inda kuka kai wasu. Kafin nan, ka je unguwar da kanka, ka zauna da iyayen yaran da ke fama da asma, ka saurare su.



Naka,
Wani mai amfani da X daga Kano