Fassara Ba Ta Wanke Sata

Akwai wata ɗabi'a da ta sami gindin zama a tsakaninmu, mu ɗaliban Hausa, wadda ya kamata a fito fili a kira ta da sunanta. Ɗalibi zai ɗauko littafin Turanci a kan adabi ko nahawu, ya juya shafi biyu ko uku zuwa Hausa, ya zuba cikin kundinsa na digiri ba tare da ambaton mai littafin ba. In an yi masa magana sai ya ce ai da guminsa ya fassara. Gaskiya ne ya sha wahala, amma fa nauyin kaya ba ya mai da ɗan dako mai kaya.

Abin da ke ƙara wa masu wannan hali ƙarfin gwiwa shi ne, manhajojin kwamfuta irin su Turnitin yawanci jerin kalmomi suke kwatantawa, tunanin da aka sauya wa harshe kuwa yakan sulale musu. To, malamin da ya karanta littafin nan tun kafin a yaye ka fa? Ranar kare kundi tambaya ɗaya ta isa, kuma sunan da ya ɓaci a wannan zaure da wuya ya gyaru.

Wasu suna ɗauka ambaton madogara bidi'ar Turawa ce. Ko kusa. A shekarar 1812 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukhi, inda ya jero malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu, tun daga mahaifinsa, da wansa Shehu Usmanu, har Malam Jibrilu ɗan Umaru, da littattafan da ya karanta a gabansu. Wannan bai rage masa daraja ko ƙwayar zarra ba. Malaman hadisi kuwa ba su karɓar magana sai da isnadi.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, duk sa'ad da kake tsakuro bayani, rubuta sunan marubuci da shekara da shafi nan take, kada ka ce sai gobe. In ka fassara, faɗi cewa fassararka ce, asalin kuwa na wane ne. Haka ma tsohuwar da ta zaunar da kai ta ba ka tatsuniya: in ta yarda, sa sunanta da garinsu da ranar da kuka yi hirar.