Kafin ka biya kuɗin laftof, tambayi na'urar da kanta



Duk lokacin da aka dawo hutu, kasuwar laftof ta hannu takan buɗe a Gombe. Mai shago zai ce maka "Windows 11 Pro ce, orijinal", ka kalli sitika, ka ƙirga kuɗin da wataƙila sai da aka sayar da hatsi a gida kafin aka haɗa. Ra'ayina shi ne, duk wanda zai riƙe kwamfuta shekara huɗu a jami'a ya kamata ya iya tambayar ta da kansa.

Buɗe PowerShell ka rubuta:

Get-CimInstance Win32_OperatingSystem | select Caption, BuildNumber

Caption zai ba ka suna da nau'i, Home ce ko Pro. BuildNumber kuma, in ya kai 22000 ko ya haura, Windows 11 ce. In bai kai ba, ba ita ba ce. Wanda bai son rubutu ya danna maɓallin Windows da R, ya rubuta winver.

Me ya sa abin ya dame mu? Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Sannan Home ba ta zuwa da Hyper-V, kuma ba ta karɓar Remote Desktop daga wata na'ura. In firojet ɗinka na buƙatar su, ka sayi wahala da kuɗinka.

Ku kuma 'yan Computer Science, a nan gizo ke saƙar. Windows 11 ta fito a 2021, amma har yanzu lambarta 10.0 ce, kuma ProductName na cikin Registry yana cewa "Windows 10". Wanda ya gina sikirif ɗinsa a kan wannan sunan, zai yi aiki lafiya a ɗakinsa, ranar difens a kwamfutar malam ya watsa masa ƙasa a ido. Ku dogara da BuildNumber. Masu Linux kuma, ga /etc/os-release nan.

Ba cewa nake duk masu shago macuta ne ba, wallahi wasu su ma haka aka kawo musu kayan. Amma wanda ya hana ka minti ɗaya ka duba, ka kama gabanka.

A tura wa 'yan aji ɗaya. Allah Ya ba mu sa'a.