Banza Ba Ta Kai Zomo Kasuwa

Akwai wata hanyar neman riba a kasuwar hannun jari wadda ya kamata jama'a su fahimce ta tun kafin mai zaƙin baki ya zo ya ruɗe su. Idan babban kamfani ya yi niyyar haɗiye ƙarami, sau da yawa ba ya biya da tsabar kuɗi, sai dai a yi musayar hannun jari. Haka aka yi a watan Oktoba na 2023, da kamfanin mai na Chevron a Amurka ya yi alkawarin ba da hannun jarinsa 1.025 a kan kowane guda na kamfanin Hess. Amma kafin a gama irin wannan ciniki, farashin na ƙaramin yakan tsaya ƙasa da abin da aka alkawarta.

Ga lissafin, a bisa misali. In na Chevron yana dala 150, na Hess ya cancanci dala 153.75. In kuwa ana sayar da shi dala 145, akwai ratar dala 8.75. Gwanayen wannan sana'a sukan sayi na Hess, su ari na Chevron su sayar nan take, don ko farashi ya hau ko ya sauka ratar tana hannunsu. Ran da aka haɗe, sai su mayar da aro da hannun jarin da aka ba su.

To, me ya sa kasuwa ta bar wannan kuɗi a ƙasa? Mu dai a ganinmu ba kyauta ba ce, ladan kasada ne da na jira. Kamfanin Exxon ya tashi ya ce shi ke da haƙƙin fara taya kashi 30 cikin ɗari da Hess ke da shi a rijiyoyin man Giyana. Sai a watan Yuli na 2025 masu sasanci suka yanke hukunci, aka gama cinikin. Kusan wata 21 ke nan dukiyar mutane tana ɗaure, kuɗin aro kuma yana tafiya.

Waɗannan ma sun yi sa'a. A 2001 hukumar Tarayyar Turai ta hana General Electric haɗiye Honeywell, bayan Amurka ta amince. Farashin Honeywell ya faɗi, masu jiran ƙaramar riba suka kwashi babbar hasara.

Saboda haka muna jan kunnen malamai da ma'aikata da masu ɗan abin fansho. Kafin ku zuba gumin goshinku, ku tambayi abu uku: wa ke da ikon hana cinikin, yaushe za a gama, kuma nawa za a rasa in ya rushe? Lalle wanda bai iya amsa waɗannan ba, ba ciniki yake yi ba, caca yake yi.